Su wa suka riski zamanin Antique? Helena da Nikos, 1999 zuwa 2003

Baban Zahra (Gothenburg) ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina cigiyar waɗanda suka zauna a Turai tsakanin 1999 da 2003, musamman Suwidin da Girka, su matso mu tuna Antique. Ga wanda bai san su ba, mawaƙa ne guda biyu, mace da namiji, Helena Paparizou da Nikos Panagiotidis. Dukansu a Suwidin aka haife su, a nan Gothenburg suka tashi, iyayensu kuwa Girkawa ne da neman abinci ya kawo. Helena tana da shekara 17 suka fito da Opa Opa a 1999. Tsohuwar waƙar mawaƙin Girka Notis Sfakianakis ce suka ɗauko suka ɗora mata kiɗan rawa na zamani, ta hau har cikin biyar na sama a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Suwidin, matsayin da wata waƙar Girkanci ba ta taɓa kaiwa ba a ƙasar. Shekara huɗu kacal suka yi tare, suka rabu a 2003.

Gardama ce ta sa na tono maganar. Muna shan kofi a wurin aiki waƙar ta faɗo a rediyo, na ce wa abokin aikina, haifaffen Hisingen a nan Gothenburg, ga naku nan. Ya ce ina, ai na Girka ne, tunda tutar Girka suka ɗauka a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai. Na ce to kamfanin Bonnier da ya fara fitar da su fa, a Atina yake ko a Stockholm? Ya yi dariya ya ce to a raba biyu.

Ni a kicin na san su. Na zo karatu jami'ar Chalmers, ƙarshen mako kuma ina wankin kwanuka a wani gidan abinci. Mai dafuwarmu Bakurde ne, mai yanka albasa ɗan Bosniya, akwai kuma wata mata 'yar Chile. Duk lokacin da waƙar ta zo, Bakurden sai ya ce kiɗansu ne aka sata, ɗan Bosniyan ya ce a'a na bikin ƙauyensu ne. Babu mai jin Girkanci a cikinmu, amma kowa na jan ta gidansu. Ku fa, a ina ta same ku, kuma mutanen da ke kewaye da ku 'yan ina suka ɗauke su?

Maman Ummi (Borås) ta rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Zahra. Bari in fara da cewa mu ma muna da rabo, domin a nan Borås aka haifi Helena, a 1982, kafin a tafi da ita Gothenburg. Mutanen garin nan ba sa bari a manta da haka.

A lokacin ina amarya, ban daɗe da zuwa ba, ban iya yaren ba, maigida yana fita tun duhun asuba. Wadda ta riƙe ni ita ce wata tsohuwa Bagirkiya da ƙofarmu ke kallon tata. Tun shekarun 1960 suka zo da mijinta, lokacin da masaƙu da kamfanonin ɗinki na garin nan ke ɗibar ma'aikata daga Finland da Yugoslabiya da Girka. Ta yi rayuwarta gaban keken ɗinki har yatsunta suka lanƙwashe. Da hannu da ka muke hira, ta koya mini sunayen kayan miya a kanti, ni kuma na koya mata cin yaji.

Daren 12 ga Mayu 2001, daren gasar Eurovision, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce dole mu zo. Falonta cike da 'ya'ya da jikoki, an jera abinci kamar ranar suna. Wani abu da na lura da shi, jikokin nan da yaren Suwidin suke magana a tsakaninsu, in kakar ta yi musu Girkanci sai su amsa da na Suwidin. Amma da aka kira Girka, yaran nan biyu suka hau dandamali sanye da fararen kaya, falon ya yi tsit, jikokin suka riƙa bin baitin Girkancin da baki. Tsohuwa ba ta zauna ba har aka gama.

Da aka buɗe layin jefa ƙuri'a sai aka yi layi a kan wayar gidan, irin mai igiyar nan. Ka san doka ba ta yarda ka zaɓi ƙasar da kake ciki ba, to su abin ya zo musu daidai, suna Suwidin suna zaɓen Girka. Har ni aka miƙo wa kan waya. Can da aka zo karanta sakamakon Suwidin aka ce maki 12 na Girka ne, ihun da aka yi sai da na ƙasanmu ya bugo silin da sandar shara. Na uku suka zo da maki 147, amma a falon nan ka rantse kofin suka ɗauko. Tsohuwar ta rasu tuntuni, Allah sarki.

Ɗan Damagaram (Atina) ya rubuta:

Hajiya kin ba da labarin can, ni bari in ba da na nan, don ni a tsakiyar kasuwar abin nake. A wancan zamani faifan CD nake sayarwa, in cika jaka in bi shagunan shan kofi daga Omonia zuwa Monastiraki, in dawo ɗaki a Kypseli da dare. Mai wannan sana'a ya fi ɗan jarida sanin wanda ke tashe, don kafin rediyo ta ce komai mu mun gani a aljihu.

Kafin gasar, in na miƙa faifansu, manyan mutane sai su taɓe baki su ce ai waɗannan yaran Suwidin ne, waƙar Notis suka ɗauka suka ɓata da injin. Wani dattijo mai shago ya taɓa ce mini wai a bakinsu ma ana jin ƙamshin ƙanƙara. Matasa da baƙi 'yan yawon buɗe ido su ne masu saye. Kuma ku tuna Girka ba ta ma shiga gasar ba a 1999 da 2000, mutane sun fidda rai da ita, don iyakar abin da ta taɓa samu shi ne na biyar. Sai ga na uku. Wallahi a satin nan bakin kowa ya juya, waɗanda ke cewa yaran Suwidin su ne suka koma cewa yaranmu. Hausawa sun gama magana da suka ce nagari na kowa, mugu sai mai shi. Dattijon nan da kansa ya tsayar da ni ya sayi biyu, ɗaya na mota ɗaya na 'yarsa. Da darakma ya biya, don sai a watan Janairun 2002 aka fara kashe yuro.

Daga nan harkarsu ta karkato Girka gaba ɗaya, faifai kan faifai, 2001, 2002, 2003. Saboda haka in ka tambayi mutumin Atina yau, zai yi mamakin jin wai akwai mai cewa na wata ƙasa ne.

Injiniya Sabo (Malmö) ya rubuta:

Ni kam ina cikin filin a daren. Ba don Antique na je ba, gaskiya, abokin karatuna a Lund ne ya samo tikiti, kuma gadar Öresund ba ta cika shekara da buɗewa ba, kowa na neman dalilin da zai hau jirgin ƙasa ya tsallaka Kopenhagen. A Parken aka yi, filin ƙwallo ne da aka yi wa rufi saboda gasar, mutum ya haura dubu 30. Kujerarmu tana can ƙololuwa, mawaƙan ba su fi tsawon yatsa ba a idonmu, allon majigi muka kalla kamar kowa a gidansa, sai dai mu mun biya kuɗi. Masu gabatarwa biyu kuma suka dage sai sun yi duk maganarsu da ƙafiya, tun abin na ba da dariya har ya gundura.

Abin da ya tsaya mini game da Girka shi ne tutoci. A layinmu akwai wasu samari da suka zo daga Suwidin, sun yi fenti shuɗi da rawaya a kumatu ɗaya saboda Friends da ke wakiltar Suwidin, ɗaya kumatun kuma shuɗi da fari. Friends suka zo na biyar, Girka ta uku, samarin suka fita suna murna sau biyu.

Amma in faɗi gaskiya ni hankalina a kan Istoniya ya ƙare. Tanel Padar da Dave Benton ne suka ci da maki 198, Danmak mai masaukin baƙi ta biyo da 177. Dave Benton mutumin tsibirin Aruba ne, baƙar fata, ya kai shekara 50 a lokacin, kuma shi ne baƙin mutum na farko da ya taɓa cin gasar. A jirgin komawa wani Bature da ya ɗan sha ya kama hannuna yana taya ni murna. Na karɓa, me zan ce masa?

Abba Fagge (Kano) ya rubuta:

Manyanmu ku yi haƙuri, ni fa ban taɓa jin sunan nan ba sai yau. A shagon kaset ɗin yayana in aka ce Suwidin, Dr. Alban muka sani da Ace of Base, sai ABBA na iyayenmu. Na je na saurara yanzu, kiɗan ya fi kama da na fim ɗin Larabawa a kunnena. Mene ne abin tunawa a mutanen da shekara huɗu kawai suka yi?

Baban Zahra (Gothenburg) ya rubuta:

Abba ai ka kawo misali mai kyau ba ka sani ba. Dr. Alban ɗan Najeriya ne, karatun likitan haƙori ya kai shi Suwidin, amma da Turanci ya yi suna. Ace of Base ma 'yan garin nan ne, su ma Turanci. Haka tsarin yake, in kana son ka fita daga Suwidin sai ka rera da Turanci, in kana son gida ka yi da yaren ƙasa. Waɗannan yaran suka zo da hanya ta uku, yaren da ake yi musu faɗa da shi a gida, kuma 'yan ƙasa suka sa kuɗi suka saya.

Direban Rinkeby (Stockholm) ya rubuta:

Baban Zahra ka ɗan sassauta, kada mu mai da abin ya zama wata karamar da ba ta faru ba. Na yi tuƙin tasi a Stockholm tun kafin su fito, na kwashi masu fitowa daga gidajen rawa da ƙarfe uku na dare suna rera waƙar nan, kuma na san dalilin da ya sa suke son ta. Mutumin Suwidin yana shekara cikin duhu da sanyi yana tara kuɗin da zai je Rhodes ko Crete ya kwanta a rana sati biyu. Tun zamanin iyayensu suke wannan tafiya. To in ya ji buzuki, molon Girkawa, ba baƙon haure yake gani ba, hutunsa yake tunawa. Ga shi kuma lokacin ya dace, a 1999 Ricky Martin ya cika rediyo, Tarkan na Turkiyya ma yana tashe a Jamus da Faransa da Beljiyam, kamfanoni na neman duk abin da ke da ƙamshin ƙasa mai zafi. Da a ce yaran Somaliyawan unguwarmu ne suka rera da yarensu a shekarar, kana jin za su ga biyar na sama? Ni ban gani ba.

Ni wanda nake tunawa Nikos ne. Duk wanda ya yi magana a nan Helena yake ambata, shi sai a haɗa shi da "da". Tare suka fara, tare suka ɗauki na uku, aka rabu a 2003 aka ce lafiya lau aka rabu, kowa zai gwada sa'arsa. Kafin shekara ta ƙare ita ta sa hannu da Sony a Girka, 2004 faifanta na farko ya fito, 2005 ta koma Eurovision ita kaɗai a Kiev ta cinye da maki 230, karo na farko da Girka ta taɓa ci. Shi kuwa shiru kake ji. Na sha tambayar fasinjoji don gwaji, wa ya tuna sunan namijin Antique? Sai su yi ta sosa kai.

Maman Ummi (Borås) ta rubuta:

Malam Direba, tausayi daban gaskiya daban. Ka koma ka saurari faifan, wa ke ɗauke da waƙar? Muryar yarinyar ce. Shi yana da nasa, ba a raina ba, amma ko a daren 2001 kyamara ita take bi. Da ta zauna don kar a ce ta bar shi, da ita ma yau sai an sosa kai kafin a tuna ta.

Direban Rinkeby (Stockholm) ya rubuta:

Ban ce ta zauna ba Hajiya. Cewa na yi a riƙa faɗin sunansa.

Ɗan Damagaram (Atina) ya rubuta:

Daren 2005 ɗin nan ina Omonia. Mutanen nan sun riga sun saba da fitowa titi, don a 2004 sun ɗauki kofin ƙwallon Turai a Fotugal, wata guda bayan nan suka karɓi wasannin Olamfik. To wannan ya zama na uku a jere, hon ɗin mota har asuba. Babu wanda na ji ya ambaci Suwidin a daren, sai lokacin da Suwidin ta sake ba su maki 12, aka tafa mata aka wuce. Sunan Antique kuwa tuni ya koma ƙasan jakata, wurin tsofaffin faifai da ake sayarwa uku a kuɗin biyu.

Zee Angered (Gothenburg) ta rubuta:

Ina gaida iyayena. Ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni, abin da na iya a kicin ɗin Mama na koya.

Ina firamare lokacin Antique. A wajen wasa muna yin rawarsu, kowace yarinya tana son ta zama Helena, sai mu tilasta wa wani yaro ya zama Nikos ya tsaya a gefe. Kawu Direba ka ga ko mu ma mun yi laifin.

Abin da nake so in ƙara shi ne maganar darasin harshen gida. A Suwidin tun 1977 makaranta na koya wa yaro yaren iyayensa, amma ƙaramar hukuma ba dole ba ne ta buɗe aji sai an samu yara biyar masu so, an kuma samu malami. A makarantarmu masu Larabci suna da aji, masu Somaliyanci, Farisanci, Sifaniyanci, Bosniyanci, duk suna da shi. Girkawa ba su da yawa a unguwarmu amma ana haɗa su da na wasu makarantu. Ni kaɗai ce mai Hausa. Ranar darasin kowa ya ɗauki jaka ya tafi ajinsa, ni in tafi gida. Baba ya cike takarda ya gaji.

Saboda haka ni yadda na ga Helena daban ne da yadda ku kuka gan ta. Ku kun zo da yarenku cikakke a baki, ba wanda zai ƙwace muku. Mu namu rabi ne, muna jin kunyar yin sa a gaban 'yan makaranta, in mun je Najeriya hutu kuma a yi mana dariya a ce Turawa sun zo. Sai ga wata da ta tashi a garinmu, tana hira a talabijin da irin karin maganar Gothenburg sak, ta juya ta rera da yaren babanta ba tare da ta nemi afuwar kowa ba. Na yarda da Kawu cewa ita fara ce kuma Girka ƙasar hutunsu ce, hanyarta ta fi tamu sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka a shekarar na daina amsa wa Mama da yaren Suwidin a cikin taragon gari.

Game da tambayar Baban Zahra kuwa, 'yan ƙasar nan suna karɓar ta in ta yi musu rana. A 2006 da aka yi gasar guje-guje ta Turai a Gothenburg ita aka ba waƙar gasar. A 2014 ta shiga Melodifestivalen, gasar da ake zaɓen wakilin ƙasar a Eurovision, tana neman wakiltar Suwidin da kanta, sai da ta bi ta zagayen dama ta biyu kafin ta kai ƙarshe, ta zo ta huɗu, Sanna Nielsen ta ci. A lokacin na ji masu cewa me ya kawo ta, ba ta riga ta ci wa Girka ba? Mutanen da suka ba ta 12 sau biyu ke nan.

Injiniya Sabo (Malmö) ya rubuta:

'Yata Hausarki ta fi ta wasu da aka haifa a Sabon Gari, kada ki ƙara ba da haƙuri.

Akwai wanda ya je wasan da suka sake haɗuwa a 2019? Na ji labari amma aiki bai bar ni ba.

Baban Zahra (Gothenburg) ya rubuta:

Na je Injiniya, da ni da uwargida. Bikin tuna waƙoƙin shekarun 1990 ne a nan Gothenburg, lokacin bazara, mawaƙa da yawa aka jera, kowa a ba shi ɗan lokaci ya yi uku ko huɗu ya sauka. Masu kallo duk sa'o'inmu ne da waɗanda suka ɗan gaza mu, masu tumbi da furfura sun matsa jikinsu cikin kayan da suka daina yi musu daidai. Shekara 16 ke nan rabon a ga su biyun a dandamali ɗaya da sunan Antique.

Da aka saki kiɗan, na waiga na ga dubban mutane suna rera Girkancin da ba su san ma'anarsa ba, kowa da irin yadda kunnensa ya kama masa tun yana saurayi. Wata mata kusa da mu tana rera wani abu da na tabbata babu shi a kowane yare, amma da iyakar ƙarfinta. Girkawan gari kuma sun taru a gaba da tutarsu, su ne kawai bakinsu ke tafiya daidai da na mawaƙan.

Malam Direba, ga naka, da aka kira sunan Nikos an tafa masa sosai, ni ma na tafa. Amma da muka fito muna jiran mota, uwargida ta tambaye ni wai shi wancan ɗin mijinta ne ko wanta.

Direban Rinkeby (Stockholm) ya rubuta:

To kun ji ko. Ka gaya wa Hajiya ba mijinta ba ne, ba wanta ba ne, abokin sana'arta ne, kuma sunansa Nikos Panagiotidis. In ta kasa na biyun ta riƙe na farkon.